Saƙon Malam Iro

Shekarar da fetur ya yi wahala har muka koma tafiya Tudun Wada a keke, ina masinja a ofishin wani aikin noman rani kusa da Bagauda. Abin da zan faɗa muku, wallahi da idona na gani, kuma da rana tsaka.

Muna da kwamfuta ɗaya, reshenmu na Tudun Wada na da ɗaya, wayar tarho ta haɗa su. In an rubuta magana a can sai ta fito a nan, ta shiga wani wuri a cikin injin da Injiniya Sabo, mai zuwa daga Kano duk Alhamis, yake kira rumbu. Kafin ya tafi yakan kwafe rumbun a faifai, ya ba ni in ajiye a durowar ƙasa.

Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Malam Iro, mai kula da sito a Tudun Wada, shi ya ɗaure min gindi. Kullum da safe sai ya aiko min da layi ɗaya in karanta, ya fara da sallama, ya ce, “Ɗalibi mai furfura, yau kaza ta fi ka rubutu.” Akawun ofishinmu ne ke taya ni haɗa baƙaƙen.

Da Malam Iro ya rasu a farkon damina, sai na rufe littafi, na daina zuwa aji.

To, ga kuskurena. Saƙonnin nan duk da sunan Allah suke farawa, ni kuwa raina bai kwanta da ajiye su a ƙasa inda ake takawa da takalmi ba. Sai na riƙa ɗora fayafayan a kan kabad, dab da kwanon rufi. Ranar da tsawa ta ƙone injin, aka sauko da su, duk zafi ya lanƙwasa su.

Injiniya ya daɗe yana juya su. Ya ce, “Baba, ka girmama su har ka gasa su.”

Ya kawo wani injin, ya kwana biyu yana haɗawa, rumbu fayau ba ko harafi. Wayar Tudun Wada ma tana yashe a gona, iska ta ka da turakunta. Bayan azahar ina share tebur, Injiniya yana shan fura a bakin ƙofa, sai rubutu ya fito a fuskar injin. Ban kira kowa ba, na sa yatsa na bi shi a hankali, na karanta da ƙarfi: “Salamu alaikum, ɗalibi mai furfura. A shafi na sha biyu ka tsaya. Ci gaba.”

Injiniya ya ajiye ƙwarya ya zo ya gani. Ya buɗe rumbu, ba komai. Ya ɗaga wayar, ga bakinta a hannunsa ba a haɗe ba. Ya ce, “Baba, wa ya karanta maka?” Na ce ba kowa. Da na koma gida na buɗe littafin, ga tsinken da na sa alama a shafi na sha biyu.

Ranar Asabar na koma aji, ga shi yau da hannuna nake rubuta muku wannan. In kun fara karatu kada ku ajiye, kuma kada ku ɗora faifai kusa da kwano.

Abin da muka rasa: inji ɗaya, faifai tara, saƙonnin shekara uku, da Malam Iro. Layi ɗaya ya tsira, yana kaina.