Takardar da Na Fassara wa Baba

Shekara ashirin da ɗoriya Baba ya yi a kan injin matse fata a wani kamfanin jima a Challawa, ko ƙwarzane bai taɓa samu ba. Ranar Juma'a al'adarsu ce su tuɓe kayan aiki kafin azahar, su saka na masallaci a can, su wuce tare. Ran nan ya riga ya saka jamfarsa mai faɗin hannu sai wata fata ta maƙale a injin. Ya ce ba zai bar wa masu karɓar aiki daga hannunsa ɓarna ba, ya koma zai zare ta. Injin ya kama hannun rigar, ya haɗa da yatsunsa uku.

Bayan an sallame shi daga asibiti, kamfanin ya aiko da takarda gidanmu a Panshekara. Ni ce 'yar bokon gidan, ina ji da Turancina kamar ni na ƙirƙiro shi. Ya miƙo mini da hannun hagu.

"Karanta mini. Laifin wa suka gani?"

Sun yi masa jaje, sun yaba shekarunsa, sannan suka ce komawarsa kan injin ill-advised ce. A kan wannan kalma ya tsayar da ni.

Da na ce "tsautsayi" da an wuce wurin. Amma sai na gyara zama, har da ɗauko ƙamus. Na ce, "Baba, ana faɗinta ne ga shawarar da aka yanke ba tare da hangen abin da zai biyo baya ba. Manya ke amfani da ita in ba sa son su ce wauta ƙiri-ƙiri."

"Wauta," ya ce. Ya daɗe yana kallon bandejin. "To, ajiye ta."

Bai sake ba da labarin injin ba, shi da kullum in an zauna cin tuwo sai mun sha shi. Da aka ba shi aikin gadi a kamfanin ya ƙi zuwa, ya ce ba zai iya haɗa ido da abokan aikinsa ba. Har ya rasu hannun nan yana cikin aljihu, kuma abin yana ci mini rai.

Yanzu Turanci nake koyarwa. Duk shekarar da muka zo kan kalmar sai wata ɗaliba ta ce, "Malama, a ba mu misali." Ina da shi, kuma ba na Baba ba ne. Nawa ne, na ranar da na ɗauko ƙamus. Har yau bakina ya kasa faɗinsa a aji.