Babban Yatsan Hansai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗumamen tuwo wayata ta yi ƙara. Na ga lambar Hansai, na ɗauka da tsokanar da na saba: "Hajiyar ƙuri'a, yau kuma wa za mu zaɓa?"

Sai na ji muryar mijinta, Malam Sabo. Ya ce, "Uwani, sai haƙuri." Daga bayansa ina jiyo kukan Abba, yaron da take goyo. Na zauna a ƙasa da muciya a hannu.

Jiya da la'asar maciji ya sare ta a gona, ta ɗaga harawar wake. Aka ɗaure ƙafar, aka ɗora ta a mashin, aka wuce ta gaban asibitin ƙauyenmu, wanda yake kulle tun kafin ta haifi Ummi. A asibitin Kiru aka ce sai dai gaba, allurar dafin maciji sai cikin Kano. Ba ta kai ba.

Hansai ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa. Aure ya kawo ni Tudun Wada, ita tana gida. Duk kaka sai ta aiko mini da sabon wake da kuɓewa busasshiya, ta ce kar 'ya'yana su manta ƙauye. Lokacin da na yi ɓari, sati biyu ta yi a ɗakina tana dama mini kunu, ko sau ɗaya ba ta ce mini in daina kuka ba.

Waɗanda suka san ta sun san maganar babban yatsanta.

Akwai zaɓen da ta wuni a layi da goyo, aka zo kanta na'ura ta ƙi karɓar yatsan. Ɓarar masara ta cinye zanen. Ta wanke, ta goga a zani, ta shafa mai, a banza. Ta dawo gida ba ta dangwala ba. Tun daga ranar, in kaka ta yi, sai ta naɗe babban yatsanta na dama da tsumma, ta riƙa ɓara da na hagu. Aikin wuni ɗaya sai ya kai ta biyu. Muna ta yi mata dariya.

Sati biyu da suka wuce na kai yarana gida. Na same ta a barandar asibitin nan, don nan mata suke shanya, simintin ya fi na ko'ina kyau. Ta baza masara har bakin ƙofa, kwaɗon ya yi tsatsa.

Yaranmu suna rigima, wasu gasasshiyar masara suke so, wasu dafaffiyar gyaɗa. Ta ajiye musu ƙoƙo biyu, ta ba kowa ƙwayar masara ɗaya, ta ce a yi layi. Walida, 'yarta mai shekara huɗu, ta zuba cikin hannu guda a ƙoƙon gyaɗa. Ummi ta fasa ihu: "Umma, an yi maguɗi!"

Hansai ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ku bar ta, wannan ciyaman za ta zama."

Na ce, "Ke dai ba kya gajiya. Sau nawa kika yi layi? Me kika samu ban da taliya da sabulu?"

Ta nuna bayanta da totuwa. "Ni ba taliya nake bi ba, 'yar gari. Ƙofar nan nake so a buɗe. Ko ba don ni ba, don waɗannan."

Na ce ba za a buɗe ba.

Ta ce, "To in na zauna a gida ita za ta buɗe kanta? Ke dai je ki karɓo katinki na zaɓe. In an gama kaka ni zan raka ki."

Na ce to, don ta ƙyale ni.

Wallahi ban san me zan ce muku a kan zaɓe ba. Ita ta yarda, ni ban yarda ba, kuma ni ce na yi gaskiya. Ban taɓa jin ɗacin yin gaskiya irin na yau ba. Da ma ita ce ta ƙaryata ni.

Yanzu ina cikin mota, mun wuce Kwanar Ɗangora. An riga an kai ta, ko gawarta ban samu gani ba. An ce Walida tana ta tambaya yaushe Umma za ta dawo daga gona. An ce da aka zo wanka, tsumman yana nan a yatsan.

Allah ya jiƙan ki Hansai, ya haskaka kabarinki, ya sa dafin nan ya zama kankarar zunubi. Allah ya raya Ummi da Walida da Abba, ya ba Malam Sabo juriya. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya yi mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce.

Abba ba a yaye shi ba. Katina ban karɓo ba. Masararta tana barandar, rabi ba a ɓare ba, ƙofar kuma tana kulle.