Tukunyar Gas ɗin Kawu

Jiya na bi ta wajen masu walda a Batsari, warin gas ya buge ni, sai kawuna ya faɗo mini a rai.

Shi ma mai walda ne. Ba ya taɓa jikin mota sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen da bayan yatsa, ya kasa kunne. Bayan 'yan bindiga sun raba mu da Runka, ƙasan a-kori-kurarsa ya rube, gero yana tsiyaya a hanya. Na ce mu kai wa masu waldar lantarki.

Ya ce, "Ɗana, ƙarfen nan ya tsufa kamar ni, lantarki huda shi zai yi. Gas yake so, a hankali, da jiƙaƙƙen tsumma a gefe."

"Kawu, ai akwai masu gas a nan."

"Akwai. Tawa tukunyar gas ɗin dai tana gida, a Runka. Bari hanya ta yi kyau."

Na ɗauka taurin kai ne. Ashe muddin motar tana jira, yana da dalilin komawa. Hanyar ba ta yi kyau ba har ya rasu, aka binne shi nesa da iyayensa.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya mayar da waɗanda suka rage gidajensu.