Tsohuwar da Ke Duba wa Masallata Hanya

Gari bai gama wayewa ba muka tashi daga Sakkwato ranar Asabar ɗin da ta wuce, a tsohuwar motar cocinmu: ni, da fastonmu, da direba, da wata 'yar'uwa da muke zumuntar mata tare. Tafiyar dai tata ce. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune a wani ƙauye bayan Shagari, can wajen Horo Birni, kuma ita kaɗai ce Kirista da ta rage a garin. Mijinta malamin asibiti ne da aiki ya kai shi can tun suna da ƙuruciya, can ya rasu, can aka binne shi. 'Yan gidajen Kirista da suka saba taruwa a zaurensa ranar Lahadi duk sun watse tun da 'yan bindiga suka fara zagaya yankin. Abu biyu ya kai mu: mu kai mata Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake karɓa a coci, don ta daɗe ba ta karɓa ba, mu kuma lallashe ta ta biyo mu birni. Sunan ƙauyen kam ba zan faɗa ba.

An yi ruwa kafin mu fito, kwalta sai sheƙi take yi. Daga Sakkwato zuwa Bodinga hanya lafiya lau, ko'ina kore shar, shanu na kiwo a gefen titi. Mun tsaya a Bodinga muka karya da koko da ƙosai mai zafi, irin wanda ake soyawa da albasa da yawa. Na taya albasa wajen wani dattijo da ya kawo ta daga Danchadi, da ya faɗi kuɗinta sai na mayar masa da ita cikin kwando da hannu biyu. Ya yi dariya ya ce da damina albasa sarauniya ce, in dawo da rani in ga yadda ake rainata. Fasto ya sa kaftani da hula, ba wanda zai gan shi bai ɗauka dillalin shanu ba ne, har wani ya tare shi yana tambayarsa ko yana da bijimi na sayarwa.

A nan Bodinga ne 'yar'uwar tamu ta roƙe ni in cire Littafi Mai Tsarki daga jakata in tura shi ƙarƙashin buhun shinkafar da muke kai wa Inna. Na yi, amma raina bai so ba. Na ce a zuciyata, a ƙasar da aka haife ni, aka haifi iyayena, yau ni ce ke ɓoye littafina kamar kayan sata. Da wannan ɓacin ran na isa Shagari, kuma a lokacin na ɗauka na san wanda ke da 'yanci a wannan yanki da wanda ba shi da shi.

A kasuwar Shagari muka ɗauki wanda zai raka mu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ɗan ƙauyen su Inna ne da ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari. Mutum ne mai fara'a, sai da ya sa aka dama mana fura kafin ya yarda ya shiga mota. Amma da ya rufe ƙofa sai fara'ar ta ɗauke. Ya juyo ya dube mu ya ce, "Ku kashe wayoyinku. Kada kowa shi ɗauki hoto. Wanda kunka yi ma sallama bai amsa ba, ku wuce abinku. Kuma kada la'asar ta ishe mu can." Fasto ya tambaye shi ko 'yan bindigar suna cikin garin ne. Ya ce, "Malam, ba a kiran sunansu bisa hanyag ga. Mutanen daji a ka cewa."

Da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar laka, hira ta mutu. Gero ya yi tsawo har ya fi mota, dama da hagu, ba ka ganin komai sai ganye da ɗan tsirin sama. Abin da ya fara damuna shi ne ba kowa a gonakin. Lokacin aiki ne, ciyawa ta ci ƙarfin wasu gonakin, amma ba mai fartanya ko ɗaya. Mun wuce wani jaki tsaye a tsakiyar hanya, da mangala a bayansa, ba mai shi. Direba ya kai hannu zai yi oda, Alhaji ya riƙe masa hannu. Haka muka jira har jakin ya ga dama ya matsa. Can gaba muka wuce wata rugar da aka tashi, bukkokin na nan, ƙofofin a buɗe, wata ƙwarya a kife a bakin ɗaya.

A bakin garin Alhaji ya sa direba ya juya motar ta fuskanci inda muka fito kafin ya kashe ta. Akwai mutane a garin, amma ba motsin mutane. Ba a jin daka, ba a jin rediyo, rumfunan kasuwa sun zube. Mata na leƙowa ta katanga su koma. Ƙarƙashin wata tsamiya wani mutum na zaune a kan turmi, ya naɗe fuskarsa da rawani, idanu kawai ake gani. Fasto ya yi masa sallama. Bai amsa ba, bai kuma kau da kai ba. Mutanen garin na wucewa ta gabansa kamar ba kowa a wurin. Ban tambayi ko wane ne ba, ba wanda kuma ya faɗa mini.

Gidan Inna yana daf da masallacin garin, katanga ɗaya ta raba su. Abin da na fara gani a harabar masallacin shi ne lasifika a ƙasa, an jingine ta da bango, kaza ta yi kwanci a ciki.

Inna 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta rame, amma muryarta na nan. Ta rungume ɗiyarta, ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, kun sha hanya. Ku zamna." Ta kawo mana ruwa daga randar da ta fi kowane firji sanyi, da ɗanwake da ta ce tun safe ta yi don ta san birni ba a iya shi ba. Muna ci tana ba mu labarin garin da murya ƙasa-ƙasa. Kasuwa ta daina ci. Biki ba kiɗa. Gawa a gaggauce ake kai ta. Gona sai an ce a je ake zuwa, a kuma dawo lokacin da aka ce. Taro ko na suna ne ba a so. Lasifikar kuwa mutanen dajin ne suka ce a sauke, wai ba su son jin ƙara.

Fasto ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya ajiye gurasa da ƙoƙo, na ciro Littafin daga ƙarƙashin buhu. Muka fara waƙar yabo da raɗa, kamar masu tsoron tada jariri. Inna ta ɗaga hannu ta tsai da mu. Ta ce, "Ba haka a ka yi ma Ubangiji waƙa ba." Sai ta ɗauka da cikakkiyar murya, muryar na rawa saboda tsufa. Ɗiyarta ta ce, "Inna, don Allah ki rage." Ba ta rage ba. Muka bi ta.

Muna baiti na biyu na ji takun ƙafa a waje. Inuwa ta faɗo a kan labulen ƙofa ta tsaya. Muka katse waƙar. Inuwar ta yi ƙasa, aka ji ana shimfiɗa buzu. Na leƙa ta gefen labule sai na ga wani tsoho mai farin gemu zaune a bakin ƙofar, ya ba mu baya, ya fuskanci tsamiya, yana jan carbi. Inna ta ce, "Ladan ne. Ku ci gaba." Bai tashi ba har muka ci gurasa, muka sha ƙoƙo, Fasto ya sa albarka.

Da muka fito na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, mun gode." Ya ce, "Ba komi, ɗiyata. Mijinta shi yay yi ma ɗiyana magani duka. Tun da ni ke, ban taɓa jin an hana ta waƙarta ba, ba kuwa yau za a soma ba ina zamne." Na tambaye shi zancen lasifika. Ya ce, "Randa sunka fara zuwa, muna cikin sujada sunka ishe mu. Sunka tahi da mutane, har da ƙanena. Har yau bai komo ba."

Daga nan Fasto ya kawo maganar da ta kawo mu. Ya ce wa Inna an gyara mata ɗaki a birni, ga asibiti kusa, ga coci kusa, za ta yi sujada kowace Lahadi ba mai ce mata komai. Ɗiyarta na hawaye. Inna ta saurara har ya gama, ta ce, "Fasto, bari a yi azahar tukuna."

Ladan ya tashi ya tsaya a harabar masallaci, ya sa hannu a kunne. Ina tsaye bayan katanga, kusa da shi ƙwarai, amma da ƙyar nake jin abin da yake faɗa. Ni da na girma ina jin kiran salla yana ratsa unguwa, ban taɓa jin sa da raɗa ba, kuma ban san abin zai sa tsigar jikina ta tashi haka ba. Maza suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, kowa na bin jikin bango. Alhajin da ya rako mu ya bi su.

Inna ta ɗauki wata tsohuwar tasa da muciya, ta ja kujera 'yar tsugunno zuwa kan wani tudu a gaban gidanta, inda ake hango hanyar da ta fito daga daji. Ta ce in zo in tsaya kusa da ita. Ta ce, "Duk garin ga ni ɗai ce ba ni salla. In sunka sa goshi ƙasa, ni ka duba musu hanya. In na hangi babur sai in buga tasa." Ta dubi ɗiyarta ta ce, "To in nit tahi birni, wa za shi zamna nan?"

Muka tsaya muna kallon hanya. A bayanmu liman na kabbara a hankali, ana jin motsin tufafi in sun sunkuya. Can cikin gero wani wuri ya fara kaɗawa, alhali ba iska. Ya kaɗa, ya tsaya, ya sake kaɗawa kusa da na farko. Inna ta ɗaga muciya ta riƙe a sama. Na ji bakina na addu'a ba tare da na sa shi ba, kuma ba kaina nake roƙa wa ba, mutanen da ke bayana nake roƙa wa a bar su su idar. Geron ya daina motsi. Aka yi sallama a masallaci. Inna ta sauke hannunta. Da na waiga wajen tsamiya, turmin na nan, mutumin ba ya nan, kuma ban ga lokacin da ya tashi ba.

Ba mu sake yi mata zancen tafiya ba. Fasto ya yi addu'a a tsakar gida, Ladan na tsaye daga zaure ya ɗaga hannuwa yana cewa amin. Inna ta cusa mana ƙullin kuka da daddawa, ta ce mini, "In kunka koma, kada ku roƙa mani ni ɗai. Ku roƙa ma garin ga duka. Randa anka sake su, an sake ni."

Rana na da sauran ƙarfi muka fito. Sai da muka iso Shagari Alhaji ya sauke numfashi ya ce yanzu kowa na iya kunna wayarsa. Muka sayi gasasshiyar masara a Bodinga, muka shiga Sakkwato kafin magariba, hayaniyar 'yan kabu-kabu da na saba tsaki a kanta ta yi mini daɗin ji.

Abin da na koyo a tafiyar nan, 'yan'uwa, shi ne na daɗe ina ɗaukar 'yancin addini a matsayin abin da nake nema wa cocinmu daga hannun wasu. Gaskiya ne muna da namu kukan, kuma ba zan daina faɗarsa ba. Amma Allah da ya ba ni baki in yi masa waƙa, shi ya ba Ladan nasa, kuma Ubangijinmu bai taɓa jan kowa da ƙarfi ya bi shi ba. Wanda ya hana mutum zuwa gonarsa, ya hana shi binne ɗan'uwansa a natse, shi ne zai hana shi sujada, ko wace alƙibla yake kallo. In na ga an rufe bakin maƙwabcina na yi shiru, nawa ma ba zai daɗe a buɗe ba.

Shekaranjiya Alhaji ya kira 'yar'uwarmu da saƙo daga Inna. Ta ce idonta ya fara hazo, ba ta hango ƙarshen hanya sosai kamar da, tana so a kai ta a gwada mata tabarau. Zumuntar mata ta ɗauki nauyi, mota ma an samu. Sharaɗi ɗaya ta kafa: a zo a ɗauke ta bayan an idar da asuba, a maido ta kafin azahar.