Sikelin da Ba Ya Rataye Yaro

Duk Bakanon da ke sarin kaya a kasuwar Shahe ta birnin Guangzhou ya san Alhaji Tankari, dogon nan mai sayen kayan yara. Ya daɗe yana zuwa Guangzhou, amma Sinancinsa bai wuce "lawban", wato maigida, da "meyo", wato babu. Da su yake ciniki, da su yake rigima, kuma ya ce ba su taɓa ba shi kunya ba.

Ana daf da wasannin Olamfik, hukuma ta tsuke biza, kowa na ɗaure kaya a gurguje. A nan ne ƙanwarsa Fasuma ta bugo waya. Ita ce ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti can gefen dajin Falgore, inda rugagen Fulani suka fi gidajen gari yawa.

"Yaya, sikeli za ka taho mini da shi."

"Ikon Allah! Fawa kika koma?"

"Abin da matan ruga ke faɗa ke nan."

Sikelin asibitin mai ƙugiya ne: a zura jariri a ɗan buhu, a rataye. Wata Bafulatana, Inna Wuro, ta gani ta ce jikanta ba cinyar akuya ba ne, ta goya abinta ta tafi. Tun daga ranar matan ruga suka daina kawo yara awo. Ga damina ta kama, lokacin da yara ke ramewa a hankali, ido ba ya ganewa sai abin ya yi nisa.

Tankari ya shiga gari. Duk shagon da ya tsaya sai ya naɗe hannuwa a ƙirji yana jijjigawa, kamar mai rarrashi. Wani ya kawo masa 'yar tsana. Wani ya kawo sikelin kifi, da ƙugiyarsa. Sauran suka mayar masa da kalmarsa: meyo. Bizarsa kuwa ta kusa cika.

Madam Pan, mai sayar masa da safa, ita ta gan shi zaune a kan dila ya yi tagumi. Ya ɗauki rigar jariri ya rataye a ƙusa, ya girgiza kai. Sannan ya kwantar da ita a tafin hannunsa. Nan take matar ta gane. Da guntun Turancinta ta ce ita 'yar ƙabilar Yao ce, mutanen kan duwatsu, kuma a ƙauyensu ma asibiti ya sha korar tsofaffi da abin da bai kai wannan ba.

Ta rufe shago da rana tsaka, abin da Tankari ya rantse ko gobara ba ta sa ta yi, ta ja shi layin kayan asibiti. Aka fito da sikeli mai faranti fari, mai ɗan zurfi kamar akushi. Na farko mai lantarki ne.

"Meyo wuta!" in ji Tankari, yana nuna kwan fitila. Aka sauya masa da mai allura.

Kwantena ta riga ta tashi, don haka ya rage kayan sayarwarsa ya ba sikeli wuri a jaka. 'Yan masaukinsu na unguwar Liuhua suka dinga tsiya: "Alhaji, yaushe suna?"

Da sikelin ya iso gida, Fasuma ta shimfiɗa zani a farantin, ta aika ruga. Inna Wuro ta zo ta zagaya shi, ta fara ɗora ƙwaryar nononta ta ga ba abin da ya same ta, sannan ta kwantar da jikan. Allura ta nuna yaron ya rame, aka soma ba shi kulawa a ranar. Ranar kasuwa mata suka cika inuwar asibitin.

Da Tankari ya koma Shahe bayan wasanni, ya tsaya gaban Madam Pan ya gyara murya. Ya koyo kalma ta uku, "sheshe", wato na gode, kuma a gurguje ya faɗe ta kafin ya manta.