Duwatsu Bakwai a Bayan Gidan Kafinta

Har gobe ban manta da ranar da sallama ta raba ni da kujerata ba. A 2020 ne, lokacin korona, ina ƙaramin dillali a wani kamfanin gidaje a unguwar Al Khabaisi, can ƙasar Larabawa, sashen ƙasashen waje. Tunda babu tafiya, wakiliyarmu ta ƙasar da gidan yake ke zagaya shi da waya, mu da mai saye muna kallo daga ofis.

Gidan a kudancin ƙasar Amurka yake, tsohon ginin katako da aka gyara tsaf. Wani kafinta baƙar fata ne ya gina shi da hannunsa bayan 'yanta bayi. Manajanmu ya ce a sa wannan tarihin a saman talla. Amma takardu sun nuna a bayan gidan aka binne kafintan da iyalinsa, duwatsu bakwai ne kawai alama. Nan manajan ya ce in goge batun kaburburan, in rubuta "fili mai kyau don tafkin wanka". Na yi ƙorafi, ya tuna mini a hannun wa bizata take. Na haɗiye na rubuta, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Mai sayen wani dattijon Balarabe ne, jikokinsa yake nema wa wurin iyo. Wakiliyar ta gama da ɗakuna ta fita baya, sai ga duwatsun a jere cikin ciyawa. Ni kuwa tun ina Kano ban saba wuce kabari shiru ba. Ban ma san addininsu ba, bakina ya riga ni: "Assalamu alaikum ya ahlal ƙubur."

Dattijon ya juyo. "Wa kake yi wa sallama, ɗana?"

Manaja na ta harara, amma bakin alƙalami ya bushe. Na faɗi komai. Dattijon ya ce shi ba zai yi haƙa a kan mutane ba, khalas, magana ta ƙare, ya ɗauki sandarsa.

Manaja ya wanke ni tas, wai na kashe ciniki saboda ƙasusuwan da ban haɗa komai da su ba. Abin ya ƙona min rai. Sunan kafintan ya isa a yi talla da shi, amma shi kansa bai isa a bar masa makwanci ba. Washegari aka mayar da ni neman masu hayar gado a ɗakunan haɗaka na unguwar Al Nahda.

Bayan wata biyu wani abokin aikina ya sayar da gidan, da tallar da ni na rubuta. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku kula da abin da ake sa ku gogewa. Dillali ba ya riƙe shebur, amma shi ke nuna inda za a haƙa.