Malama Kaltouma da Makarantar Teburin Cin Abinci

Kafin motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta zo kwasar yara a layinsu na McLeansville, Malama Kaltouma ta riga ta goge teburin cin abincinta, ta jera kujeru, ta ɗora ruwan shayi. A gefen kofinta akwai wata 'yar na'ura baƙa mai faɗin tafin hannu, wadda ake taɓa fuskarta da tsinken roba. Za ta zaro tsinken, ta buɗe jadawalin ranar, ta karanta leɓɓanta suna motsi, sannan ta leƙa ta taga ko motata ta shigo. Ni nake kawo mata ɗalibai biyu, 'yata Amal da ƙaninta Hisham. Sauran biyun nata ne, Seydou da Hamsatou. Haka ta yi tun daga ƙarshen shekarar 2002 har zuwa bana, 2009, da ta rufe makarantar.

Sunana Turai, 'yar Kano ce ni. Karatun maigidana ne ya kawo mu Greensboro, ni kuma na samu aiki a wani babban kanti a titin Wendover. Amal da ciwon sikila aka haife ta. Duk wanda ya yi renon mai sikila ya san sanyi abokin gabarsu ne, sanyin ƙasar nan kuwa ba irin namu ba ne. Da hunturu ya kama, sai ta yi mako a makaranta, mako biyu a kwance. Malamanta sun yi iya ƙoƙarinsu, amma aji ba ya jiran yaro ɗaya. Tana da shekara takwas ta fara cewa ita daƙiƙiya ce, ta daina buɗe littafi.

A masallaci muka haɗu da Malama Kaltouma, wata Juma'a bayan an idar da salla. 'Yar Tasawa ce ta ƙasar Nijar, ta koyar a firamare can kafin ta biyo mijinta, Malam Tassiou, wanda ke tuƙa motar ɗaukar kaya a nan. Ta ga Amal ta raɓe a jikina, ta miƙa mata wata takardar sanarwa ta ce ta karanta mata, wai ita ta manta tabaranta. Amal ta fara, ta sarƙe a layi na biyu, ta fashe da kuka.

Malama ta dube ni ta ce, "Maman Amal, yarinyar nan ba kanta ba ne ya gaza. Lokacin lakol ne, makaranta nake nufi, bai yi daidai da jikinta ba. Ni a gida nake koyar da nawa, kuma dokar jihar nan ta yarda gida biyu su haɗu. Ki kawo mini ita."

Na ce, "Yaya, rabin kwanakinta a asibiti take yi. Za ta ɓata miki tsari."

Ta ce, "To sai mu yi tsarin a kan jikinta."

Da farko a babbar takarda take zana jadawalin, ta manna a jikin firji. Bai kai wata guda ba takardar ta cika da gogewa da kibau, har ita kanta ba ta gane ta. Ciwon Amal ba ya sallama kafin ya zo. Ni ce mai koyar da Ingilishi, domin ita da Faransanci ta yi karatu, ranakun hutuna a kanti kuwa kowane mako sai sun canza. Ga lokutan salla suna matsawa da rani da hunturu, ga jarrabawar da jiha ke so a yi wa yara kowace shekara. Malam Tassiou ne ya ga wahalarta, ya tsinto mata na'urar nan a wani gida a unguwar Irving Park inda suka baza tsofaffin kayansu a ƙofar gareji suna sayarwa. Ya ba mu labari yana dariya, wai mako guda ta yi tana faɗa da ita, tana ce mata mai taurin kai, har ta shawo kanta.

Yadda take tsara mako abin kallo ne. Ranar Lahadi da la'asar zan kira ta in faɗa mata ranakun aikina. Sai ta fara da salla, ta sa kowace a wurinta. Ta bi da ranakun ganin likitan Amal. Bayan nan ne darussa ke samun wuri. Lissafi da sassafe yake zuwa, lokacin da jikin Amal ya fi ƙarfi. Karatun Alƙur'ani bayan azahar. Ranar da aka ƙara wa Amal jini, washegari ba a ɗora mata komai sai zane da sauraron labari. A kowane mako kuma tana barin wasu sa'o'i babu komai a ciki, tana kiransu gurbin ko-ta-kwana. Duk darasin da ciwo ya cinye, sai ta ja shi da tsinke ta jefa a wannan gurbi. In ta gama, ta haɗa na'urar da kwamfutar gida, ta buga wa kowane yaro nasa.

Tana da wata magana da duk yaran suka haddace: "Ba a soke darasi, matsar da shi ake yi."

Wata ma'aikaciyar jinya a sashen yara ta taɓa tare ni a baranda ta tambaye ni, wace ce matar nan mai mayafi da ke zuwa da allo a jaka? Ta ce ta ga iyaye iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wadda ke kwaso aji guda ta kawo bakin gado ba. Haka Malama take yi. In an kwantar da Amal, sai ta loda sauran ukun a tsohuwar motarta su taho. Na'urar ta yi ƙara, ta ce, "To, lokacin tarihi ya yi." Wani lokaci Amal ta juya fuska ta ce, "Anti, I'm tired," wato ta gaji. Malama ba ta taɓa matsa mata ba. Sai ta nuna mata fuskar na'urar ta ce, "Duba, ga shi na kai miki shi Alhamis. Yana nan yana jiranki." Amal ta gaya mini daga baya cewa wannan ne ya riƙe ta. In har an ajiye mata darasi ranar Alhamis, to akwai mai sa ran za ta kai Alhamis.

Malama, ke ce uwar da ba ta haifi yarinya ba amma ta san kalar idonta in ciwo zai tashi, tun kafin ni in lura. Ke ce kike zama da yamma kina koyon darasin kimiyyar gobe da ƙamus a gefe, don kada ki tsaya gaban yara da rabin sani. Gishirin gida biyu, Kaltouma ta Tasawa. Ba a taɓa kiran sunanki a wani taro ba, ba ki kuma taɓa tambaya ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu da nauyin zuciya shi ne wani abu guda da ke cikin jadawalin nan wanda ba darasi ba ne. Mahaifiyarta, Inna, tana Tasawa, tsufa ya kama ta. Tun da Malama ta zo ƙasar nan ba ta koma ba. A farkon 2005 takardunta suka daidaita, ta sa tafiya gida a watan Yuni, ta nuna mana tana murna. Ta fara tara tsaraba, da man zafi na ƙafa da wani bargo mai laushi da ta ce Inna za ta so.

Ana saura makonni kaɗan, ciwo ya kama ƙirjin Amal, irin wanda likitoci ke tsoro. Ta daɗe a asibiti, ta fito kamar ba ita ba, ga jarrabawar shekara ba ta yi ba. Na sami Malama a kicin na ce, "Yaya, ki tafi abinki. Zan nemi hutu in riƙe su."

Ta ce, "Wane hutu za su ba ki a kantin nan? Yarinyar nan in aka bar ta yanzu, za ta koma inda na tsince ta. Inna na nan, jiya ma mun yi waya, har tana yi mini tsiya wai na manta dakan fura. In sha Allahu sai Disamba."

Malam Tassiou ma ya yi magana, bai ci nasara ba. Ta ja tafiyar da tsinke ta kai Disamba. Da Disamba ta zo, sanyi ya sake kwantar da Amal, aka kuma sa ranar cire mata saifa. Tafiya ta koma watan Agusta na shekara mai zuwa.

Inna ba ta kai Agusta ba. Wata safiyar Talata a watan Mayu, ina wajen domin ranar Ingilishi ce, wayar gida ta yi ƙara. Malama ta ɗauka a tsaye, da alli a hannunta. Muka ji ta ce, "Na'am, Tahirou," wato ƙaninta. Ta saurara, sannan ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An riga an kai ta?" Ta ajiye wayar a hankali, ta zauna a ƙasan kicin, ta jingina da firji. Hamsatou ta ruga ta rungume ta. Abin da kawai Malama ta iya faɗa shi ne, "Bargonta na nan cikin akwati."

Mutanen Nijar da na Najeriya suka cika gidan da gaisuwa. Da aka share makoki, ni na ɗauka makaranta ta tashi ke nan sai wata shekara. Ranar Lahadi da la'asar sai ga wayarta: "Maman Amal, ba ki faɗa mini ranakun aikinki ba."

A watan Agusta, suna tsakiyar darasin lissafi, na'urar ta yi ƙara a lokacin da ba a saba ba. Ta manta ba ta cire tunatarwar ba. Amal ce ke kusa, ita ta ga rubutun: Tafiya wurin Inna. Ta ce Malama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta goge shi. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ina muka tsaya?" Amal ta ce a duk shekarun nan, shi ne abu ɗaya da ta ga Anti ta soke.

Yau Amal shekararta goma sha biyar. Ta ci jarrabawar shiga sakandare da sakamakon da ya sa mai ba da shawara a makarantar ya tambaye ta inda ta yi karatu. Ta ce masa, "A kicin ɗin Antina." Sauran ukun ma duk sun samu gurbi. Malama kuwa ciwon suga ya taɓa mata ido, ƙananan haruffa sun daina fito mata, likita ya ce ta huta. A watan gobe za ta tafi Tasawa, karo na farko tun zuwanta, ta ziyarci kabarin Inna ta zauna da 'yan'uwa na ɗan lokaci.

Makon jiya na je taya ta haɗa kaya. Muna ninke zannuwa na kasa daurewa, na ce, "Yaya, da kin tafi a wancan Yunin."

Ta ajiye zanen da ke hannunta. Ta ce, "Maman Amal, ba zan ce miki ba komai ba, don da komai. Na so in ga Inna. Har gobe in na tuna sai in ji kamar an danne mini ƙirji. Amma ban yi da-na-sanin Amal ba. Abu biyu ne, kowanne yana zaune a wurinsa, ɗaya bai kori ɗaya ba." Ta ɗauki zanen ta ci gaba da ninkewa.

Ban san da wane baki zan gode miki ba, Yaya Kaltouma. Kin ba 'yata shekarun da ciwo ya so ya ƙwace mata, kuma daga naki kika yanko su. Babu abin da ni ko Amal za mu yi da zai mayar miki da zama ɗaya a tabarmar Inna. Wannan mun sani, kuma da shi za mu rayu. Na gode. Baban Amal ya gode. Hisham, wanda ba ya son rubutu, ya ce in gaya wa mutane ke kika koya masa son taswira.

Ku 'yan'uwana da ke zaune a garin nan da sauran garuruwan baƙunta, a cikinmu akwai malamai da yawa da suka bar allo a gida suka zo suna jera kaya a kanti. Ilimin bai mutu ba. Akwai yaro a maƙwabtanku da aji ya wuce ya bari, ku buɗe masa ƙofa kamar yadda baiwar Allah nan ta yi. Amma kada ku bar mutum ɗaya da kayan duka. Ku zama uku, ku zama huɗu, kowa ya iya aikin ɗan'uwansa, domin ranar da aka kira ɗayanku daga gida ya iya tashi ya tafi ba tare da ya waiwaya ba.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta, Ya sanar da ita irin 'yar da ta haifa. Ke kuma Malama, Allah Ya ƙara wa idonki lafiya, Ya kai ki Tasawa lafiya. Ki zauna iya son ranki. Wannan karon babu wanda zai kira ki ya ce ki dawo da wuri.